Daƙiƙa 25 Tsakanin Maki da Maki

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare ta gota a birnin Melbourne na Ostiraliya, a ƙarshen Janairun 2012, aka buga ƙwallon ƙarshe. Novak Djokovic da Rafael Nadal sun shafe awa 5 da minti 53 suna kai ruwa rana a wasan ƙarshe na gasar Australian Open. Da aka zo ba da kofi, manyan baƙi suka hau jawabi kamar yadda suka saba, 'yan wasan biyu kuwa suna tsaye suna jira. Can sai aka ga Nadal ya jingina da raga, Djokovic ya sunkuya ya dafe gwiwoyi. Ƙafafu sun ƙi ɗaukar masu su. Sai da aka ruga aka kawo musu kujeru da ruwan sha. Abin da ke ɗaure mini kai har yau shi ne, jim kaɗan kafin nan mutanen nan biyu suna sheƙa gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar yanzu aka fara. Djokovic kuwa, wanda ya ɗauki kofin, kwana biyu kafin ranar sai da ya yi awa 4 da minti 50 yana fafatawa da Andy Murray.

A wajenmu ana yi wa tanis kallon wasan 'yan gayu. Fararen kaya ne, da tawul a kafaɗa, da manyan ma'aikata a kulob bayan la'asar. In aka yi kuskure aka kamo shi a gidan kallo, kafin ka ce kwabo an fara ihun a mayar da ƙwallon ƙafa. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da fili, ko da a gasar Dala da ake yi a Kano ne, ya ji ƙarar takalmi yana cizon daɓe, ya ga gumi yana ɗiga daga gwiwar hannu, ya san gayun iyakarsa kaya.

Wahalar farko ita ce wasan ba shi da agogo. Ɗan ƙwallo ya san minti 90 zai yi, in ya gaji koci ya cire shi ya sa wani. Ɗan dambe ya san turmi uku ne. Ɗan tanis yana shiga fili bai san ko awa ɗaya zai yi ko biyar ba, kuma babu wanda zai karɓe shi. A manyan gasa huɗu na duniya, maza sai mutum ya ci turmi uku cikin biyar (bari mu ari kalmar 'yan dambe, don ta fi dacewa da abin da suke kira set). A Wimbledon ta 2010, John Isner na Amurka da Nicolas Mahut na Faransa sun yi awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, turmin ƙarshe ya tashi 70 da 68. Daga baya an gyara doka don kada a sake irin wannan, amma har gobe wanda zai ɗauki babban kofi sai ya ci wasa bakwai a jere cikin mako biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa shirin gasar Janairu tun Disamba ake yin sa, a 'yan makonnin da suka rage bayan kakar da ke farawa a Janairu ta ƙare a Nuwamba. Murray ya shahara da zuwa Miami a wannan lokacin, yana maimaita gudun mita 400 cikin zafi har numfashi ya ƙare. Roger Federer kuwa Dubai yakan tafi kafin ya yi ritaya.

Mai kallo hannu yake kallo. Masu koyarwa ƙafa suke kallo.

Filin mutum ɗaya da ɗaya tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa 8.23. Ba wani fili ba ne, kuma in aka haɗa duk gudun da ɗan wasa ya yi a dogon wasa bai kai na ɗan tsakiya a ƙwallon ƙafa ba. Sai dai gudun tanis gutsi-gutsi ne: taku uku, birki, juyawa, taku huɗu, birki, ja da baya. Tashin ba shi ne ke cin jiki ba kamar tsayawar. Mutum mai nauyin kilo 80 ya taho a guje ya kafa ƙafa ɗaya ya tsaya cak, ya murɗa ƙugu ya buga, sannan ya tunkuɗa da ƙafar nan ya koma tsakiya, kuma ya yi haka sau ɗaruruwa a yini guda. Gwiwa da idon sawu da ƙugu su ke biyan kuɗin. Don haka rabin aikin da suke yi a ɗakin motsa jiki koyon birki ne: tsuguno da ƙafa ɗaya, tsalle gefe a dira a tsaya ba tangaɗi, jifan bango da ƙwallo mai nauyi don ƙarfafa ciki da baya, jan roba don ƙananan naman kafaɗa da ke riƙe hannu lokacin sabis.

Akwai wani ɗan motsi da nake so mai karatu ya lura da shi, don shi ne uwar tafiyar tanis. Daidai lokacin da abokin karawa zai taɓa ƙwallo, ɗan wasa yakan yi wani ɗan tsalle, bai fi kaurin yatsu biyu daga ƙasa ba, ya buɗe ƙafafu ya dira a kan yatsunsa. Yana sama ne idonsa ke gane inda ƙwallon ta nufa, yana dira kuma naman ƙafarsa ya riga ya ɗame kamar robar gwafa, sai ya cilla kansa hagu ko dama. In ya yi tsallen da wuri, ya dira ya tsaya, ƙarfin ya zube. In ya makara, ƙwallo ta wuce shi yana sama. Ana yin wannan kafin kowane bugu, a awa ta farko da awa ta biyar. Alamar farko ta gajiya ke nan: tsallen ya fara ɓacewa, diddige ya fara taɓa ƙasa, sai ka ga ƙwallon da ɗazu yake kaiwa cikin sauƙi yanzu sai ya miƙa hannu.

Mutane sun sha cewa Federer kamar ba ya taka ƙasa, kamar baiwa ce kawai. Baiwar tana nan, amma a bayanta akwai wani mutumin Siwizalan mai suna Pierre Paganini, wanda ya horar da jikinsa tun yana saurayi har ya yi ritaya. Paganini ba ya raba aikin ƙafa da aikin ƙwaƙwalwa: yakan sa shi gudu da tsalle yana cafe ƙwallo, yana amsa umarni a lokaci guda, don a fili ma haka abin yake zuwa. Federer ya buga wasa 1,526 na mutum ɗaya a rayuwarsa ta ƙwararre, bai taɓa ajiye raket a tsakiyar wasa ya ce ya kasa ba. Ko sau ɗaya.

Ƙasar da ake takawa ma tana da nata karatun. A Faris jar ƙasa ce ta garin bulo, ƙwallo tana tashi sama a hankali, ɗan wasa yana zamewa ya isa gare ta, maki yana tsawo. Makonni uku bayan nan sai a koma ciyawar Wimbledon, inda ƙwallo ke sulalewa ƙasa-ƙasa, dole a rage tsawon taku a ƙara lanƙwasa gwiwa, cinya da ɗuwawu su yi ta ciwo. Jiki ɗaya ake so ya iya duka biyun.

Sai ido. Sabis ɗin manyan 'yan wasa yana wuce kilomita 200 a awa, ƙwallo tana iso wa mai karɓa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Wanda ya jira ya ga inda ta nufa kafin ya yanke shawara ya makara. Ƙwararru tun daga jefa ƙwallon sama suke karatu: ina ya jefa ta, yaya kafaɗarsa ta juya, me ya saba yi in an matsa masa. Andre Agassi ya taɓa bayyana cewa ya gano Boris Becker yana nuna inda zai buga sabis da harshensa ba tare da ya sani ba, ya kuma ɓoye sirrin shekara da shekaru, yana amfani da shi a makin da ya fi muhimmanci kawai don kada Becker ya farga.

Batun ci da sha ba sai na ja shi ba, amma labarin Djokovic ya isa misali. A farkon tashensa an san shi da sarewa: numfashi ya sarƙe, ciki ya juya. A 2009 ya janye daga wasansa da Andy Roddick a Melbourne saboda zafi. A 2010 ya daina cin alkama da dangoginta bisa shawarar wani likita, ya rage nauyi, ya mayar da miƙe jiki abin kullum. A 2011 ya ci wasa 41 a jere daga farkon shekara, ya ɗauki uku daga cikin manyan kofuna huɗu. Ba na cewa kowa ya bar burodi zai zama Djokovic, kuma masana ba su haɗu a kan cewa alkama ce kaɗai matsalarsa ba. Abin lura shi ne yadda ya bi jikinsa kamar mai bin bashi, abu ɗaya bayan ɗaya. A fili kuma, hutun daƙiƙa 90 da ake samu in za a sauya gefe ba na zama ba ne kawai. Kurɓin ruwa, kurɓin ruwan gishiri da sukari, gutsuren ayaba, tawul mai ƙanƙara a wuya. Ana sha ne tun ƙishirwa ba ta zo ba, don in ta zo an riga an makara.

To, duk wannan shi ne ɓangaren da ake iya aunawa da sikeli da agogo. Wanda ya fi burge ni shi ne ɗayan.

A 2024, Federer ya yi wa ɗaliban jami'ar Dartmouth a Amurka jawabi, ya ba su wani lissafi. Ya ci kusan kashi 80 cikin 100 na wasanninsa, amma makin da ya ci a cikinsu kashi 54 ne kacal. Wato ɗaya daga cikin gwanayen da duniya ta taɓa gani, kusan duk maki biyu sai ya rasa ɗaya. Ka ƙaddara ɗan kasuwa ne, kowane ciniki na biyu sai ya faɗi, a gaban mutum dubu goma sha biyar, kuma an ba shi daƙiƙa 25 ya share fuska ya sake buɗe shago. Dokar ke nan: daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, kuma tun gasar Amurka ta 2018 agogon yana nan a gefen fili kowa yana gani. In aka lissafa, lokacin da ƙwallo ke yawo bai kai sulusin wasan ba. Sauran duk jira ne, da tafiya, da tunani. Tunanin nan kuwa shi ne ke kayar da mutane.

Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Jim Loehr, ya daɗe yana kallon faifan manyan 'yan wasa yana neman abin da ya raba su da na ƙasa da su. A lokacin bugu bai ga wani babban bambanci ba. Sai da ya koma kallon abin da suke yi bayan maki ya ƙare. Manyan suna da tsari, kuma ba sa sauya shi ko sun ci ko sun rasa. Da ƙwallo ta mutu sai ya juya wa raga baya, ya mayar da raket hannun da ba ya bugu da shi don yatsu su saki, ya ɗaga kafaɗa ya yi tafiyar wanda bai damu ba. Sai ya sa ido a kan igiyoyin raket yana gyara su, ba don sun karkace ba, don ido ya sami wurin zama kada ya yi yawo cikin 'yan kallo. Ya ja numfashi ya sauke a hankali, bugun zuciya ya ragu. Yana isa layi ya riga ya yanke: sabis zuwa waje, bugu na biyu zuwa inda ya bari a buɗe. Ya dunguri ƙwallo a ƙasa adadin da ya saba, ya buga. Na ƙasa kuwa yana nan yana faɗa da makin da ya wuce, yana zagin kansa, yana harar alƙali, ya shiga sabon maki da tsohon fushi.

Babu wanda ya kai Nadal fito da wannan fili. Kafin wasa sai ya yi wanka da ruwan sanyi. A lungun fitowa yana tsalle-tsalle a gaban abokin karawa. In ya zauna, gorunan ruwansa biyu sai ya jera su a gaban kujera, ɗaya a bayan ɗaya a karkace, ya kurɓi wannan ya kurɓi wancan, ya mayar da kowanne daidai inda ya ɗauke shi. Kafin sabis ya ja wando, ya taɓa kafaɗa, ya taɓa hanci, ya mayar da gashi bayan kunne hagu da dama. An yi ta yi masa dariya, wasu suka ce camfi ne, abokan karawa kuma suka yi ta ƙorafin yana cin lokaci, kuma gaskiya yana ci. Shi dai ya ce ba camfi ba ne, hanyarsa ce ta tattara hankalinsa wuri ɗaya. Na yarda da shi. Mai camfi yakan sauya laya in ta ƙi ci. Nadal bai sauya ba, ranar nasara da ranar faɗuwa gorunan nan a wuri ɗaya suke.

Tushen abin yana Manacor, a tsibirin Mallorca na Sifaniya, wajen baffansa Toni, wanda ya koya masa wasan tun yana ƙarami. Toni yakan sa shi atisaye da ƙwallayen da suka mutu, a filin da ba shi da kyau, ya sa shi tsince ƙwallaye da share fili bayan an tashi, don yaro ya saba da cewa abubuwa ba za su zo yadda yake so ba, kuma uzuri ba ya cin maki. Ya hana shi jifa da raket, har ya yi ritaya a 2024 ba a ga ya fasa ko ɗaya a fili ba. Yaron nan ya ɗauki kofin Faris sau 14, na ƙarshe a 2022 da ƙafar hagu da aka kashe wa ciwo da allura, saboda wata cutar ƙashi da yake fama da ita tun 2005.

In ana son ganin amfanin daƙiƙa 25 a tsirara, a koma wasan ƙarshe na Wimbledon a 2019. Turmi na biyar, Federer yana gaba 8 da 7, sabis a hannunsa, maki 40 da 15. Ƙwallo ɗaya ta rage masa, kuma yana da dama biyu. Kusan duk filin nasa ne, mutane sun miƙe da wayoyi suna jiran ɗaukar tarihi. Djokovic ya taka zuwa layi ba gaggawa, ya sunkuya. A dama ta farko ya mayar da sabis, bugun Federer ya fita waje. A ta biyu Federer ya taho raga, Djokovic ya zura ƙwallo ta gefensa. Bayan kusan awa biyar, Djokovic ya ci 13 da 12. A lissafin ƙarshe Federer ya fi shi maki, 218 da 204, amma duk raba-gardama ukun da aka yi Djokovic ne ya cinye. Bayan wasan ya faɗi abu biyu: ya riga ya buga wasan a zuciyarsa tun kafin ya shigo, har da yadda jama'a za su juya masa baya, kuma in suna kiran sunan Roger, shi yakan sa kunnensa ya ji kamar nasa sunan ake kira. Mutumin da ya yi atisaye yana ɗan shekara 12 a Belgrade lokacin da jiragen NATO ke ruwan bama-bamai a 1999, ihun 'yan kallo ba zai zame masa sabon abu ba. Amma ban yarda a jingina komai ga tarihin yaƙi ba. Zaman shiru da atisayen numfashi da yake yi kullum aiki ne kamar ɗaga ƙarfe, kuma kowa zai iya koya.

Wanda ke ganin jiki daban zuciya daban, ya tambayi Carlos Alcaraz. A wasan kusa da na ƙarshe a Faris a 2023, yana ɗan shekara 20, ƙarfi kamar doki, ya haɗu da Djokovic mai shekara 36. An yi turmi ɗaya da ɗaya, farkon na uku sai jijiyoyinsa suka ɗaure, daga hannu har ƙafa. Saurayin ne ya kasa tafiya, dattijon yana tsaye garau. Alcaraz bai ɓoye ba, ya ce fargaba ce ta ɗaure shi tun daga farkon wasan. Jikin da ke cikin tsoro a ɗame yake ko ba a buga komai ba, yana ƙona mai a tsaye kamar motar da aka taka wa totur ba a sa giya ba. Makonni biyar bayan nan suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Wimbledon. Djokovic ya cinye turmin farko 6 da 1, kowa ya ce an koma gidan jiya. Alcaraz ya ɗauki kofin a turmi na biyar. A 2025 kuma, a filin nan na Faris da ya ɗaure, Jannik Sinner ya sami dama uku a jere na gama da shi, Alcaraz ya tsallake duka ukun, ya ci wasan bayan awa 5 da minti 29. Ƙafafun dai su ne na 2023.

Da can ɗan wasa yakan ɓoye cewa yana ganin masanin ƙwaƙwalwa, kada a ce ragon maza ne. Yanzu Iga Swiatek ta Folan ta fito da tata masaniyar fili, Daria Abramowicz, tana zaune cikin tawagarta a gefen fili kamar koci. Wannan ci gaba ne, don tarihin wasan cike yake da waɗanda hannunsu ya yi rawa a bakin kofi. Jana Novotna tana gaba 4 da 1 a turmin ƙarshe da Steffi Graf a Wimbledon ta 1993, ta ɓata sabis sau biyu a jere, daga nan komai ya wargaje, ta ƙare tana kuka a kafaɗar matar basaraken Kent a gaban duniya. Shekara biyar ta yi tana ɗauke da wannan hoton kafin ta dawo ta ɗauki kofin a 1998, kuma matar nan ce ta miƙa mata shi.

Don haka in ka sake cin karo da tanis a talabijin, kada ka yi saurin sauya tasha, kuma in maki ya ƙare kada ka duba waya. Bar wanda ya ci, bi wanda ya rasa da ido. Dubi hannun da ya riƙe raket da shi, dubi kafaɗarsa, dubi inda ya ajiye idonsa, ka ƙirga sau nawa ya dunguri ƙwallo kafin ya jefa ta sama, ka gani ko adadin ɗazu ne.